Kafar da ke Bayan Rumbu

Ni tela ne, kuma in ban da awo ban san abin da na iya a duniya ba. Mutum na shigowa shagona, kafin ya ƙarasa sallama na riga na san faɗin kafaɗarsa. Da wannan jin kan na tafi duba gidan da dillali ya ce an sa a kasuwa can bakin gari, tef rataye a wuyana, ina ganin ba abin da zai ɓuya mini.

A lokacin shekararmu biyu da baro ƙauyenmu na yankin Kakangi. Ranar da muka baro ba na son ba da labarinta. Mun dai iso Birnin Gwari mu shida: ni, mai ɗakina, yara uku, da Inna mahaifiyata, muka cusa kanmu a ciki da falo na haya a bayan kasuwa. Inna a falon take kwana tare da yara. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙin lanƙwasuwa, sallah ma a kan kujera take yi, ban ɗakin gidan kuwa layi ake bi. Kullum da safe in na gan ta ta dafa bango da buta a hannu tana jiran wani ƙato ya gama wanka, sai in ji na tsani kaina.

Sai kuma mai gidan ya ce mu tashi kafin damina, ɗansa zai yi aure. Na zaga garin nan har takalmina ya cinye, babu ɗaki. Kowane lungu cike yake da irinmu, waɗanda daji ya koro. Shanun huɗarmu biyu ne kaɗai muka tsira da su, don ranar suna wajen ƙanina a wani gari. Inna ta ce a sayar a nemi gida. Abin da ya rage mana a duniya ke nan, in na zuba shi a gidan banza babu na biyu.

Gidan na ƙasa ne, na biyun ƙarshe a layinsu. Daga shi sai gida ɗaya, daga nan gonaki, daga gonaki sai daji. Zauren ya tsage daga sama har ƙasa. Yaɓen waje ya zube, tubali sun fito fili kamar haƙoran tsoho. Ɗakuna huɗu ne, uku da tsohon kwano mai tsatsa, ɗaya ba rufi sam, sai katako da sararin sama. Akwai rijiya, da mangwaro a tsakar gida, da wani rumbu da ya karkace ya jingina da katanga. A bayan rumbun na ga wata kafa a gindin katangar, na ga irinta a ɗaya ɓangaren bayan madafi, an jingina mata tsohuwar zana. Na ce a raina ruwa ne ya ci rariya, su zan fara toshewa kafin awakin unguwa su mai da ni ɗan haya.

Dillalin irin mutanen nan ne da ba sa barin shiru ya sauka. Wai iska ce ta yaye rufin ɗakin bara. Mai gidan ya koma Kaduna wajen 'ya'yansa. Ruwan rijiyar kamar zuma. Da ya faɗi abin da ake nema, arhar ta isa ta ba mai hankali tsoro, ni kuwa sai ta sa ni murna. Muka fito ƙofar zaure, ga wasu mutane uku zaune gindin dalbejiya, na buɗe baki kamar mai shela na ce:

"Wannan ai ba wani aiki ba ne. Sabon kwano zan buga, in yi filasta da siminti, in shafa fenti shuɗi, in sa ƙofar ƙarfe. Wata biyu ba za ka gane gidan ba."

Dillali ya dubi hagu, ya dubi dama, ya yi shiru. Karo na farko ke nan tun safe. Ni da wautata na ɗauka burge shi na yi.

Washegari na koma da wani tsohon magini da nake yi wa ɗinkin sallah, mutumin Dogon Dawa, shi ma gudu ya kawo shi gari. Baba muke ce masa. Bai zo da komai ba sai guntun rodi da karan dawa guda. Na fara nuna masa tsagar zaure ina bayani, ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Ya zura karan a cikin tsagar, bai shige gaɓar yatsa ba. Ya ƙwanƙwasa azarar rufin zauren da rodi ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kunne.

"Ka ji? In gara ta cinye ciki, ƙarar ganga take yi. Wannan dutse ne."

Ya kankare gindin bango yana neman laima, bai samu ba. Ya sa na jawo guga daga rijiya, ya kurɓa, ya watsa sauran a tsakar gida ya tsaya yana kallon inda ruwan zai nufa. Ya shiga ɗakuna ya shafa bango da tafin hannu, ya buga daɓe da dunduniya. Ina biye da shi ina jira ya ce wani abu, shi kuwa sai ƙara tsuke fuska yake yi, alhali duk abin da ya taɓa lafiya lau yake.

"Baba, ya ka gani? Zai gyaru?"

"Tela, gidan nan ba lalacewa ya yi ba. Barinsa aka yi. Dubi yaɓen ciki, bai fi damina biyu ba. Mutumin da ya yi wannan yaɓen ba jahilci ya hana shi yin na waje ba."

Sai ya kifa wani tsohon turmi a ɗakin da ba rufi, ya hau, ya daɗe yana bin katakon da yatsa. Ya sauko ya tambaye ni wa ya ce mini iska ce. Na ce dillali.

"Iska in ta ɗauki kwano tana karya katako, ta bar ƙusa da guntun kwano a jiki. Nan babu ƙusa ko ɗaya. Mutum ne ya hau ya bi su ɗaya-ɗaya ya zare da hannunsa."

Don in kawar da zancen na ja shi bayan rumbu na nuna masa kafar, na ce wannan bulo shida ya ishe ta. Ya tsuguna da ƙyar, ya kama hannuna ya ɗora a bakin kafar. Sumul, an shafe ta da makuba. Ya tura yatsuna sama, na ji guntun azara kwance a kai.

"Ka taɓa ganin ruwa ya yi ɓarna sannan ya sa mata azara?"

A daidai lokacin wani kai ya leƙo ta cikin kafar daga ɗaya gefen. Wallahi sai da na faɗi zaune. Tsohuwa ce, maƙwabciya mai gidan ƙarshe, Bagwariya, da ɗan gicciye na katako a wuyanta. Ta dube ni daga ƙasa, ba sallama ba komai, ta ce:

"Kai ne mai fenti?"

Kwana ɗaya tak. Maganar da na yi a ƙofar zaure ta riga ta shiga gida ta sami tsohuwa a madafinta. Na tsaya ina tunanin in ta iske ta, wa kuma ta iske. A garin nan ba wanda ya san wane ne infoma, wato mai kai wa mutanen daji rahoto. Yana iya zama wanda kuka haɗa sahu da shi a masallaci. Na shiga tuno fuskokin mutum ukun nan na gindin dalbejiya, na kasa tuno ko ɗaya.

Ta rarrafo ta shigo, ta kakkaɓe zaninta, ta zauna a kan turmin. Ita ta ba mu labarin da dillali ya binne. Mai gidan ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai lura, shi ya sa ya bar wajen gidansa kamar kango. Da ɗansa ya tashi aure, dangin amarya suka yi ta gori, sai ya buga sabon kwano a ɗaki ɗaya. Sabon kwano kuwa ƙyalli yake yi, daga kan duwatsun cikin daji ana hango shi da rana. Wata bai cika ba mutanen daji suka zo, bayan la'asar. Duk ƙofofin layin hanya ɗaya suke kallo, ita ce hanyar da babura ke bi, wanda ya fita ta ƙofa hannunsu ya faɗa. Shi ya sa tun farkon fitinar nan mutanen layin suka huda katangunsu, daga gida zuwa gida, har gida bakwai, a ɓulle bayan masallaci a cikin gari. Mata da yara suka bi kafa suka tsira. Shi ya tsaya yana mayar da zana a bayansu, a nan suka same shi, suka tafi da shi.

"Ya dawo?" na tambaya.

"Ya dawo bayan damina. Ba ya magana. Ko ruwa bai sha ba ya nemi tsani ya hau ya zare kwanon nan da kansa. Kwana uku ya kwashe iyalinsa."

Ta nuna kafar da haɓa.

"Ɗana, jikokina biyar ta nan suke bi. Gidana ne na ƙarshe, ba ni da wata hanya. In ka toshe, ka rufe mu a akurki. Tun da aka sa gidan nan a kasuwa ba na barci, ina roƙon Allah kada baƙo mai kuɗi ya saya."

Na ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, ni ba ni da kuɗi." Ta ce ai da ma ta gani a takalmina, bakina ne ya ba ta tsoro.

Da ta tafi na zare tef na auna kafar, don hannuna ba ya iya zama. Tsayi inci ashirin da biyu, faɗi ashirin. Na auna ta bayan madafi, haka. Yara za su wuce a guje. Mai ɗakina za ta wuce. Ni zan wuce in na matse kafaɗa. Kowa sai ya durƙusa ya rarrafa, kuma Inna ta shekara biyar ba ta kai gwiwa ƙasa ba.

Na ce wa Baba ya ɗaga kafar ta kai ƙugu. Ya girgiza kai. Ya ce iyakar abin da rumbu zai ɓoye ke nan, in ta fi haka ta zama ƙofa, duk wanda ya shigo zai gan ta ya bi sawun yaran mutane. Ya ce ko ya yarda ya ɗaga nawa biyu, saura na gidaje shida, zan bi su duka in fasa musu katanga? Na fusata na ce to shi me amfaninsa, na kawo shi ya gaya mini gida zai gyaru ko ba zai gyaru ba. Bai ji haushi ba.

"Ginin na gaya maka, zai kai jikokinka. Sauran ba aikin magini ba ne."

Kwana uku ina yawo da abin a cikina. Na ɓata wa wani malami wuyan riga, na yanka hannun wata ba daidai ba, abin da ban yi ba tun ina koyo. Babur in ya wuce ƙofar shago da ƙarfi sai ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Na sake zuwa wajen dillalai biyu, duk gidan da ƙarfinmu zai kai a bakin gari yake, wasu ma ba su da ko katanga. Mai gidan haya kuma ya fara tara yashi a ƙofarmu. Na yanke shawara ba zan saya ba, kuma ba zan gaya wa Inna dalili ba. Na ce mata gara ta cinye gidan.

Inna ta dube ni ta saman tasbaharta. "Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka taɓa kunne. Kai ni in ga garar."

Muka tafi da hantsi ranar wata Laraba, a keke mai ƙafa uku, mu duka shida. Na zaunar da ita a kan turmin nan a inuwar mangwaro. Ta kalli ɗakuna, ta kalli rijiya, ta tambayi ina alƙibla. Yara suka bazu suna tsintar 'ya'yan mangwaro da suka faɗo ɗanyu. Mai ɗakina tana cikin madafi tana auna inda murhu zai zauna. Na ga fuskar Inna ta saki irin sakin da ban gani ba tun ƙauye, sai na ƙara jin haushin gidan.

A nan muka ji ƙarar. Da farko kamar jirgi can nesa, sannan ta rarrabu ta zama babura, da yawa, daga wajen gonaki. Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ya san bambancin babur ɗaya da babura. Wata mace ta ƙwala ihu a wani gida, sau ɗaya, ta yi shiru.

Sai ga yara suna fitowa daga bayan rumbu. Jikokin tsohuwar nan ne, ɗaya bayan ɗaya, babbar da jariri a goye. Ba mai kuka, ba mai kiran uwa. Suka ratsa tsakar gida a sunkuye, suka ɗaga zanar bayan madafi suka shige. Shirun yaran nan ya fi ƙarar baburan tsorata ni, don ya nuna mini sau nawa suka yi wannan. Mai ɗakina ta fizgo namu ta tura su a bayansu, ta waigo ta dube ni, na ce ta tafi. Kafin in haɗiye yawu tsakar gidan ba kowa sai ni da Inna.

"Bi su," in ji Inna.

Na ɗauke ta cak, ban san inda na sami ƙarfin ba, na kai ta bakin kafar bayan madafi. Na yi ƙoƙarin durƙusar da ita, ta yi wani nishi da har gobe ina jinsa. Na kwantar da ita a gefe na tura, kafaɗarta ta tokare, zaninta ya maƙale a azara, ƙafafun sun miƙe sun ƙi juyawa. Ƙarar ta shigo layi. Ina jin ƙasa tana rawa a gwiwoyina. Ina turawa ina cewa Inna ki taimaka mini, Inna ki taimaka mini, ita kuwa tana dukan hannuna tana cewa in sake ta, in bi yara, ta yafe mini. Na ji fitsari yana neman kufce mini, ni mai 'ya'ya uku. Na daina turawa na kifa a kanta na rufe ido.

Baburan suka zo daidai zaure. Suka wuce. Suka yi ta wucewa, har ƙarar ta nutse cikin gari.

Ashe mutane ne suka dawo daga jana'iza a wani ƙauye. Yanzu ba mai bin hanyar shi kaɗai, sai a taru a tafi a ayari a dawo a ayari. Tsohuwar ce ta leƙo ta gaya mana, ita ashe ba ta ma gudu ba, ta tsaya mayar da itace a bakin kafarta. Yara suka dawo ta inda suka bi, namu har da dariya, wai sun ga gidan da ake kiwon zabi.

Na mayar da Inna kan turmi. Gwiwar hannunta ta ɗaye, ƙasa duk a fuskarta. Sai tsoron ya juye ya zama faɗa. Na ce Allah ya isa tsakanina da dillali, na ce ko a ajin makaranta za mu kwana ba zan sayi wannan tarkon ba, na ce ta gani da idonta, wannan ce garar. Ta bar ni na gama.

"Ka lura da yaran?" ta ce. "Salati na fara da na ji ƙarar. Ban kai ƙarshensa ba sun ɓace. A ƙauye da muna da irin wannan, da yanzu 'yar ƙanwarka tana nan."

Ba mu taɓa ambaton yarinyar ba tun da muka zo gari. Na sunkuyar da kai.

"Saya."

"Inna, ke fa?"

"Shanuna ne ko naka? Jikokina nake saya wa. Ni na ci zamanina, har na ɗan taɓa na wasu."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce ba ta tambaye ni ko zan iya ba.

Na saya. Gyaran da muka yi ni da Baba, in wani baƙo ya gani sai ya ce mahaukata ne. Ɗakin da ba rufi, tsohon kwano muka nemo wajen masu gwangwan, kuma sai da na yi roƙo, don yanzu mai tsatsa ya fi sabo farin jini a garinmu. Guda biyu da suka ɗan yi haske Baba ya dama laka ya shafe su. Ciki muka yi daɓe sabo, muka gyara madafi, na haƙa wa Inna ban ɗaki mai kujera a jikin ɗakinta. Waje ko hannu ba mu sa ba. Tsagar zaure tana nan, har yanzu in na shigo sai ta harare ni. Rumbun da ya karkace muka tokare shi ta ciki don kada ya faɗi, kada kuma ya miƙe. Na kuma yi sati guda ina zama gindin dalbejiya da yamma ina kuka da babbar murya, an cuce ni, an sayar mini da kango, ko ƙyaure na kasa sawa. Suka yi ta ba ni haƙuri. Duk da haka har yau Mai Fenti suke kirana, yara ma da ba su san mafarin ba.

Amma maganar Inna ta hana ni sakat. Wata rana ina ɗinke wa wani direba tamfol ɗin motarsa, na ja shi a ƙasa don in juya, na ga yadda yake sulɓi da kaya a kai. Na tsaya. Mutumin da ba ya iya rarrafe ai yana iya kwanciya. In tana miƙe a rigingine, hannuwa a ƙirji, wani na ja ta gaba wani na turawa ta baya, ba ruwan gwiwa da lanƙwasa. Na sayi tamfol mai kauri, na je gida na shimfiɗa tabarma na ce Inna ta kwanta in auna ta.

Ta kwanta. Na ja tef daga kanta zuwa dunduniya, sannan na auna kafaɗa. Inci goma sha tara. Kafar ashirin. Ina rubutawa a tafin hannuna ta ce, tana kallon rufi:

"Wannan awon da kara ake yinsa, a kai wa masu haƙa kabari. Kai ka zo da tef, kuma ka yi sauri."

Mai ɗakina ta fita da gudu tana kuka. Ni na ce Inna don Allah ki bari, ta ce to ta bari, amma in yi mata ɗinki mai kyau, kada in yi mata irin na malamin nan.

Na ninka tamfol ɗin biyu, na bi kowane gefe sau uku da zaren buhu, na sa masa hannuwa huɗu da igiyar ɗaure ƙirji. A rayuwata ban taɓa ɗinki da tsoro irin wannan ba. Muka gwada da rana tsaka bayan mun rufe zaure. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce ita za ta riƙa ja, ai ta saba jan buhun doya. Ta shige gaba ta kama hannuwa biyu, na tura ta baya. Inna ta wuce, kafaɗunta suna gogar makuba hagu da dama. Daga can ɗaya gefen na ji su biyun suna dariya, tsohuwar tana cewa Hajiya kin fi doya nauyi. Na zauna a ƙasa a bayan madafi na yi kuka na ƙoshi.

Da yamma Inna ta sa na yi mata alkawari: yara tukuna, sannan uwarsu, in lokaci ya rage sannan ita, in bai rage ba in tafi. Na ce to. Ta kalli hannuna, na riƙe shi gam a cinya don kada ya tafi kunne.

Damina biyu ke nan muna gidan. Bai yi yoyo ba, Baba ya yi gaskiya. Sau uku muka bi kafa, sau biyu ƙarya, sau ɗaya ba ƙarya ba, amma layin bayanmu suka shiga. Duk ukun Inna ta wuce. Tamfol ɗin yana rataye a ƙusa a bakin ƙofarta, duk Juma'a kafin masallaci sai na sauke shi na bi ɗinkin da farce.

Kwanan baya mai ɗakina ta ce mini Inna ba ta cinye tuwonta, kullum sai ta raba biyu ta tura wa yara. Na ɗauka ciwo ne, na sayo mata tsire mai zafi, irin wanda take so, na zauna a gabanta na buɗe takardar. Ta ɗauki yanka ɗaya ta daɗe tana taunawa, ta nannaɗe sauran ta miƙo mini. Na ce Inna me ke damun ki, ko mu je asibiti?

"Lafiyata ƙalau," ta ce. "Ai na ji ka ranar kana faɗa wa matarka. Inci ɗaya ne ya rage tsakanina da kafar."